Babur a Wuyan Mamaci

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, amma bai iya kwashe ranar da aka lissafa babur cikin kayan gadon mutumin da bai taɓa ɗora ƙafarsa a kansa ba. Ku 'yan matan da kuka gaje ni a kicin ɗin gidan gona, ku nake so ku ji, domin ku ma kuna da suna, kuna da babban yatsa, kuma wata rana wani mai gogaggen takalmi zai zo ya ce ku ara masa.

A wancan lokaci gidan gonar nan ta bayan Makoɗa aikinta gwajin irin gyaɗa. Akwai manaja, mutumin birni, da yake zuwa ranar da ya ga dama. Ƙarƙashinsa akwai Malam Sabi'u, wanda 'yan boko ke ce wa jami'in mulki, mu kuwa akawu muka sani. Duk wata takarda ta hannunsa take bi. Sai Iliya direba, sai mai lambu, sai maigadi Malam Ɗanlami, sai ni Tabawa a bakin murhu, kowa yana ce mini Iya. Aka kuma kawo mana wani Bature masanin iri, dogo kamar giginya, muka sa masa suna Dogo. Yana jin 'yar Hausar kasuwa, yana kuma alfahari da ita.

Dogo yana da buri guda. Idan aikinsa ya ƙare ba ya son jirgi. So yake ya hau babur ya tsallaka Nijar, ya yi ta ratsa ƙasashe har ya ga teku. Mu da muke hawa babur don babu yadda za mu yi, muka ce Allah ya shirya. Ya tafi Kano ya sayo wani ƙato, baƙi, mai gurnani kamar injin niƙa.

To ga yadda abin yake, kamar yadda zama kusa da ofis ya koya mini. Abin hawa ba ya zama naka don kawai ka biya. Sai an kai shi ofishin lamba an rubuta sunanka, an ba ka takardar mallaka da ta inshora da wadda ke nuna ta ƙofa ya shigo ƙasa, ba ta daji ba. Ga ɗan ƙasa wannan ba wani aiki ba ne. Baƙo kuwa aka ce sai ya nuna takardar zama, shi kuma Dogo ta ɗan lokaci gare shi. Ta zaman ana ta ce masa gobe.

Ina zuba musu shayi a baranda Malam Sabi'u ya kawo dabararsa. Ya ce a rubuta babur da sunan wani ɗan ƙasa, ranar tafiya mai sunan ya ba da takardar izini cewa ya yarda Bature ya fita da shi, shi ke nan. Dogo ya ce to a sa sunan Sabi'un mana. Sai Sabi'u ya yi wata 'yar dariya, ya ce ai matsayinsa bai ba shi dama ba. Daga baya ya faɗa wa Iliya gaskiyar: in babur ya kaɗe mutum, ko aka kama shi a inda bai dace ba, mai suna ake zuwa nema. Don haka ya duba gidan nan kaf, ya zaɓi wuyan da ya fi kowane siranta.

Aka kira Malam Ɗanlami daga bakin ƙofa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Aka yi masa bayani sama-sama. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in dai ajiya ce, Allah ya ba ni ikon riƙewa." Ya dangwala yatsa. Malam Sabi'u ya karɓi ladan wahalarsa a wurin Bature, ya kuma gargaɗe mu kada manaja ya ji, don manaja ya taɓa hana irin wannan. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Shi kuwa bawan Allah nan da gaske ya ɗauki abin. Kullum da safe sai ya goge babur, ya rufe shi da tabarma saboda rana, ya kori kaji daga inuwarsa. Da yamma ya hau tsohon kekensa ya tafi ƙauye. Na taɓa tsokanarsa na ce mai babur guda a kan keke? Ya ce, "Iya, makiyayin shanun wani ai ba ya yanka."

Ana tsakiyar cirar gyaɗa zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin a ce a kai shi asibitin Dambatta rai ya yi halinsa. Ya bar matarsa Hansatu da ciki, cikin fari bayan dogon jira.

Ranar jana'iza mu mata muna cikin gida, tsakaninmu da maza dangar kara ce kawai, ana jin komai. Kun san al'ada: kafin a yi wa mamaci salla, liman yakan ɗaga murya ya ce duk wanda ya san yana da wani haƙƙi a kan wannan bawa, ko ya ba shi ajiya, ya faɗa yanzu a sauke masa, kada a kai shi makwanci da kayan wani. Liman ya faɗa. Wani maƙwabci ya ce akwai galmarsa da mamaci ya ara. Nan take aka shigo aka ɗauko ta daga bayan rumbu aka miƙa masa. Liman ya sake tambaya. Ya kuma sakewa. Ni ina kasa kunne ina jiran muryar Dogo ko ta Sabi'u, don na san suna tsaye a wurin. Shiru. Sai kabbara na ji.

Hansatu ta damƙi hannuna. Ta ce, "Iya, ba su faɗa ba. Ya gaya mini ajiya ce. An tafi da shi da babur ɗin mutane a wuya."

Tun daga ranar abinci ya daina shiga mata. Ga ta cikin takaba, ba ta da ikon fita ta je ta faɗa wa kowa, ga ciki yana girma.

Iliya ne ya ba ni labarin abin da ya faru a waje, don yana bayansu. Ya ce da liman ya fara tambaya, Dogo ya sunkuya ya ce wa Sabi'u me ake cewa? Sabi'u ya dubi manaja a damarsa, ya dubi dagaci a gabansa, ya ce masa addu'a ce kawai. Dogo ya cire hula, ya sunkuyar da kai, yana ganin ya gama ladabi. An fito da galma a gaban idonsa bai tambayi dalili ba. Mutumin da yake iya gane ciwon gyaɗa daga launin ganye.

Ba a jima ba aikin Dogo ya ƙare, wa'adin zamansa ya matso. Sai a lokacin aka tuna cewa mai ba da izini yana ƙarƙashin ƙasa. Ina tankaɗen gari Malam Sabi'u ya shigo kicin, wurin da bai taɓa takawa ba, da takarda da abin dangwale. Ya gaishe ni har da tambayar jikoki. Ya ce ɗan taimako zan yi, in sa yatsana a ƙarƙashin sunan Ɗanlami.

Na ce, "Malam Sabi'u, mutumin da muka yi zaman makokinsa tare da kai?"

Ya ce, "Haba Iya, yatsa ai yatsa ne. Wa zai duba?"

Na ce masa nawa yana da mai shi, kuma ba ta mutu ba tukuna. Ya fita yana cewa taurin kan tsofaffi ne ya hana ƙasar nan ci gaba. Ya je ya tsorata mai lambu da kora, ya samu yatsan da yake nema. Ya kai wa Dogo ya ce an gyara. Dogo bai tambayi yadda aka gyara ba. Baƙo in yana sauri, ba ya leƙa tukunya.

Washegari ya fito cikin wasu kaya masu sulke a gwiwa da kafaɗa, da hular kwano, sai ka ce buzuzu. Ya yi mana ban kwana, ya ba ni tukunyar shayinsa. Iliya ya bi shi a baya da motar ofis, ta Kazaure zuwa Daura, don ya ga tsallakawarsa.

A bakin iyaka, in ji Iliya, ma'aikaci ya karɓi fasfo ya karɓi takardun babur, ya ga suna biyu. Dogo ya miƙa takardar izini yana murmushi. Ma'aikacin ya ce madalla, abu ɗaya ya rage, a kira mai babur a waya ya ji daga bakinsa. Sai Dogo ya dafa ƙirji, ya fito da Hausarsa mafi kyau, ya ce, "Ya rasu. Allah ya jiƙansa."

Ma'aikacin ya ce amin, yaushe? Dogo ya faɗa. Mutumin ya dubi ranar da ke jikin takarda, ya dubi Dogo, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya ce, "To Bature, a ƙasarku matattu suna dangwala yatsa ne?"

Suka zaunar da shi a benci cikin sulkensa har rana ta yi sanyi, sannan suka ce ya koma inda ya fito, ya gode wa Allah ba su wuce nan da maganar ba. Inda ya kamata ya buɗe baki ya yi shiru, ya adana gaskiyarsa sai da ya kai ta inda za ta kama shi.

Labari ya riga babur dawowa. Kafin a kwana biyu sai ga Tanko, yayan mamaci, mai fataucin awaki a wajen Ungogo. Da Ɗanlami yake kwance bai leƙo ba. Ranar jana'iza ma ko sadakar uku bai jira ba. Yanzu kuwa ya zo da jan ido yana cewa ɗan'uwana, ɗan'uwana. Ya je gaban dagaci ya ce Bature ya ba ƙaninsa babur kyauta, kamar yadda Turawa kan bar wa masu gadinsu kaya, shi ya sa aka rubuta sunansa. Yanzu da ya ga mutum ya mutu yana so ya gudu da shi. Ya ce ga takarda, ga kuma jama'ar gari shaida: liman ya tambaya, Bature yana tsaye, akawunsa yana tsaye, wa ya ji sun yi tari?

Dagaci ya sa aka tura babur zuwa zauren liman, aka kulle. Liman ya ce gado ba zai rabu ba sai Hansatu ta sauka, domin rabon ya dogara ga abin da ke cikin. Matar tana da tumuninta, ɗaya bisa takwas, ko yaya. In mace aka haifa, ta ɗauki rabi, saura na Tanko. In namiji ne, ya tare komai, Tanko ko madubi ba shi da shi.

Ban taɓa ganin Bahaushe yana roƙon Allah 'ya mace da naci irin na Tanko ba. Ya tare a garin. Ya rinƙa aiko wa Hansatu da 'yan kifi da lemo, shi da bai taɓa ba ta ko goro ba. Ya tare ni a hanya ya ce ya ji ina da ido a kan ciki, in duba masa, ya yi tsini ne ko ya baje? Na ce masa ni girki na sani, abin da ke cikin tukunyar Allah sai an sauke.

Ita kuwa Hansatu ba babur take so ba, ba kuma ta damu da wanda zai hau shi ba. Duk zuwan da zan yi sai in tarar da tuwo ya sandare a kwano. Ta ce ko ta rufe ido sai ta gan shi yana tura wani abu mai nauyi a cikin yashi. Ta rame har wuyanta ya fito, ungozoma ta fara yi mini magana a gefe.

Sai na je na samu Dogo. Yana kwance a ɗaki yana fushi da ƙasa baki ɗaya, an riga an yanka masa tikitin jirgi. Na yi masa Hausa a hankali, irin wadda ake yi wa yaro. Na gaya masa abin da liman ya tambaya ranar nan, da abin da Sabi'u ya ce masa. Ya tashi zaune, fuskarsa ta yi ja. Ya ce, "Mama, ni aka cuta."

Na ce, "An cuce ka. Amma kai kana da jirgi. Shi da ka rataya wa kayanka, ina zai je?"

Na ce masa jibi addu'ar arba'in, mutanen da suka ji shirunsa duk za su dawo wuri guda. Ya zo ya yi magana da bakinsa, kada ya ari na kowa.

Ya zo kuwa. Ina bayan danga, kusa da Hansatu. Bayan an shafa fatiha ya miƙe, ya yi ta tuntuɓe da kalmomi, amma aka fahimta. Ya ce babur nasa ne, ajiya ya ba Ɗanlami, Ɗanlami bai taɓa cin amanarsa ba, ko hawa bai taɓa yi ba. Ya ce Malam Sabi'u ne ya shirya komai, ga shi nan zaune.

Liman ya juya ya tambayi Sabi'u. Manaja yana wurin, dagaci yana wurin. Sabi'u ya gyara hula, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni akawu ne. Abin da takarda ta faɗa shi na sani."

Ban san lokacin da na ɗaga murya daga bayan danga ba. Na ce ni na zuba shayin da aka sha ranar da aka ƙulla, kuma da kunnena na ji an ce ajiya. Hansatu ma ta ce a faɗa wa Malam tumuninta ba ta so, na Bature ne. Wani daga baya ya ce to a kwance masa ƙafa ɗaya da fitila ya tafi da su teku. Aka yi dariya, liman ya tsawatar.

Liman ya ce ya ji, kuma zuciyarsa ta karkata inda ta karkata. Amma akwai maraya a ciki da ba ya iya kare kansa, kuma maganar tsohuwa ɗaya ba ta isa a fitar da abu daga hannun maraya ba, alhali wanda ya rubuta takardar ya ƙi shaida. In Bature yana so, ga alƙali can, sai dai shari'a ba ta san ranar tashin jirgi ba. Sannan ya juya ga Dogo, ya ce, "Bature, bar maganar ƙarfe. Tambayar da na yi ranar nan ba ka amsa ba, ita nake sake yi maka. In kana da haƙƙi a kan wannan bawa, ka riƙe ko ka sauke masa?"

Dogo ya daɗe a tsaye. Na san yana kallon tekunsa tana tafiya. Daga ƙarshe ya ce ya sauke, ya yafe, duniya da lahira in haka ake faɗa. Babur ya zama na gidan Ɗanlami, ba ya bin kowa komai. Liman ya ce jama'a kun ji? Suka ce mun ji.

Hansatu ba ta yi kuka ba. Ta saki hannuna, ta jawo kwanon tuwon jiya, ta ce in miƙo mata ruwa ta wanke hannu.

Dogo ya tafi a jirgin da ya raina. Baƙo raɓa ne. Da sanyi ya shigo Hansatu ta sauka lafiya, namiji. Tanko yana zaune a ƙofar gida da buhun masarar da ya kawo na barka. Da aka fito aka faɗa masa, ya ce Allah ya raya, ya ɗauki buhunsa ya ɗora a kan ɗan acaɓa. Ko suna bai jira ba. Aka mayar wa yaro sunan ubansa, muna kiransa Magaji.

Liman ya so ya sayar da babur a saya wa maraya 'yar gona. Masu saye suka zo suka zagaya shi, suka ce ba a samun kayan gyaransa ko a Kano sai an aika, kuma kafin a canza suna sai an kawo takardun kotu na gado. Ana cikin haka sai ga Malam Sabi'u da kansa a ƙofar gidan, wai ya zo taimakon maraya. In an ba shi ɗan abin wahala zai gyara takardun cikin sauƙi, yatsa kawai ake bukata. Hansatu ta aiko masa da cewa yatsun gidan nan sun ƙare. Babur yana nan a zauren liman har yau, ƙafafunsa sun sace, kaza tana ƙwai a ƙarƙashinsa. Magaji yakan hau ya yi gurnani da baki. Shi kuwa Malam Sabi'u, manaja ya yi masa faɗa na yini ɗaya, shekara ta zagayo aka ƙara masa girma aka mayar da shi birni. Na ji an ce yanzu har horar da sababbin ma'aikata yake yi.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. A ofis, sunan talaka ƙusa ce a bango: kowa ya shigo da kaya mai nauyi a nan yake ratayewa, in bango ya tsage kuma ba ka ganin mai kayan. Masu takarda sun fi jin tsoron idon manaja fiye da kabarin da aka tona a gabansu, baƙi kuma suna gaisuwa da kyau amma ba sa tambayar a kan wa suka taka. Don haka duk ranar da aka shigo muku kicin da murmushi da abin dangwale, ku goge hannunku a zani, ku tambayi mai murmushin abu ɗaya: ranar da aka shimfiɗe ni liman ya yi tambaya, kai ne za ka amsa?